Numfashin da Inna Ta Riƙe

Daga Allah muka zo, ga Inna kuma ta riga mu komawa. Ta cika ana tsakiyar yankan gero, a ɗakinta, a ƙauyenmu na ƙasar Bagwai. Da yake lokacin aiki ne na zaci gaisuwar ba za ta yi jama'a ba, sai ga shi an bar gero kwance a gonaki, zaure ya kasa ɗaukar maza har aka shimfiɗa musu tabarmi a gindin darbejiya. Cikin gida kuwa ba wurin sa ƙafa.

Duk matar da ta yi sallama tambayarta ɗaya: "Ina Auta?" Autarmu na zaune a bakin ƙofar Inna da ɗanta a cinya, idanu sun kumbura. A riƙe ta a yi mata addu'a, ta sake fashewa da kuka, a sake riƙe ta. Maƙwabciyarmu, wadda suka tsufa suna dafa kalwa tare da Inna, ta zauna daɓas a tsakar gida tana faɗin, "To yanzu wa zai zage ni da safe? Wa zai leƙo ta katanga ya ce daddawata ba ta nuna ba?" Mata suka yi dariya da hawaye a fuska. Baffanmu, ƙanen marigayi Baba, wanda ko ranar da aka binne yayansa ba a ga hawayensa ba, an ce da aka dawo daga maƙabarta ya shige rumfar shanunsa ya daɗe bai fito ba.

Ni kuma ina gefen rumbu a kan 'yar tabarma. Wata amarya da aka kawo unguwar bara ta miƙo mini ruwa a kofin baƙi, ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. Ya hanya? Ke 'yar'uwar marigayiyar ce?"

Kafin in buɗe baki wata tsohuwa ta amsa mata: "Ke, 'yar farinta ce, malamar nan ta Ɗanbatta." Ta juyo gare ni ta ce, "Ai ke da sauƙi, 'yar nan, ba ku shaƙu ba. Ki yi ta ba ƙannenki haƙuri, su ne abin tausayi."

Na ce to, Allah ya ba da lada. Na sha ruwan na mayar da kofin.

Ban ga laifin tsohuwar ba, abin da idonta ya gani ta faɗa. Inna mutuniyar da ce, irin waɗanda suka riƙi kunyar ɗan fari kamar farilla. Yaran yanzu in an ba su labari dariya suke yi, ni da na rayu a ciki ban taɓa gano inda abin dariyar yake ba. Ana yaye ni Goggo, yayar Baba, ta goye ni ta tafi da ni Ɗanbatta. Can na girma, can na yi makaranta, can aka yi mini aure. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba in dai akwai wani mai rai a kusa, ko da akuya ce. A bakinta sunana "waccan". In na zo hutu na durƙusa gaishe ta, sai ta sami abin dubawa a cikin ƙwarya, ta amsa wa ƙwaryar. Na fi sanin ƙeyarta da gefen kuncinta a kan fuskarta. Abin da na nema a wurinta tun ina 'yar mitsitsiya bai taka kara ya karya ba: ta ɗaga ido ta dube ni, ko sau ɗaya. Na yi aure ina nema, na haihu ina nema, har na doshi hamsin ban daina ba.

Kada wani ya zaci mace ce mai sanyi. Duk unguwar an san bakin Inna, kuma ba wanda ya tsira daga shi sai ni. In mutum ya zo yana kukan ya gaji, ko rana ta gasa shi, ko surukarsa ta ɓata masa rai, amsarta ɗaya ce: "Wa ya aike ka?" In ta zuba wa baƙo tuwo ya tsaya godiya, sai ta ce, "Ci ka ba ni kwanona." Ta taɓa tare mai tallan maganin gargajiya a ƙofar gida, ta sa shi ya lissafa cututtukan da garinsa ke warkarwa, da ya gama ta ce, "Duk wannan, ka rasa na tarin da kake yi?" Mutumin bai sake bi ta layinmu ba.

Rigimarta da Baffa ita ce har yanzu ake bayarwa. Bayan rasuwar Baba, garmar shanun Baffa ta fara cin gambar da ta raba gonarsa da tamu, bana kunya ɗaya, baɗi kunya biyu. A wajenmu ƙasa ta yi kaɗan, gida na jingine da gona, gona na jingine da gida, taku ɗaya ma abin faɗa ne. Ƙanena, mai bi mini, ya ce a kai ƙara wurin mai unguwa. Inna ta ce ba za ta kai ƙanen mijinta gaban kowa ba. Sai ta ɗauki kujerarta 'yar tsuguno, ta kai ta daidai inda tsohuwar iyakar take, a tsakiyar gyaɗar Baffa, ta zauna tana sussukar kalwa. Duk safiya in ya fito ta ce, "Ina kwana, mai gona biyu? An tashi lafiya?" Masu wucewa su tsaya, ta gaishe su, ta ce ta zo taya ƙanenta gadin sabuwar gonarsa ne. Kafin a yi maimai, wato noma na biyu, Baffa da hannunsa ya sake dasa gambar a inda take. Da matarsa ta kwanta ciwo a daminar da ta biyo, Inna ce ta riƙa tuƙa wa gidansa tuwo har ta miƙe, tana kai wa tana zaginsa a kan bai iya zaɓen itace ba.

Ina kallon duk wannan daga gefe, ina jin kishi, wallahi kishi. Na sha fatan ta zage ni kamar yadda take zagin Baffa.

Ba zan ce ta manta da ni ba. Duk kaka sai direban motar kasuwa ya sauke ƙullin kaya a gidanmu: daddawa, kuka, kuɓewa busasshiya, wani lokaci ƙwan zabi a cikin dusa. Saƙon kullum ɗaya ne, "A kai wa Goggo." Goggo ba ta cin ƙwan zabi, kowa ya sani, ni ce mai so. Goggo ta rasu, aka yi zaman makoki, Inna ta zo ta yi kukanta ta koma. Da kaka ta zagayo sai ga direba a ƙofar gidan aurena da ƙulli, yana sosa ƙeya. Ya ce, "Malama, Inna ta ce a kai wa Goggo. Na ce mata ai Goggo ta rasu, ta ce wa ya tambaye ni."

Sau ɗaya na taɓa gwada ƙarfina da ita. Lokacin na gama makarantar horon malamai, kaina ya cika da karatu, na yanke cewa wannan al'ada ba ta da gurbi a addini, kuma ni ce zan kashe ta. Na same ta tana tankaɗe, na tsaya ƙiƙam a gabanta na ce, "Inna, don Allah mene ne sunana?" Hannunta bai tsaya ba. Ta juya wajen Auta, wadda a lokacin ko wanki ba ta iya ba, ta ce, "Ke, gaya wa baƙuwar nan tuwonta na hucewa." Na yi fushi na koma Ɗanbatta ban kwana ba, na yi watanni ban zo ba. Ko a jikinta, in ji ƙanena. Amma shi ne kuma ya ce duk ranar kasuwa sai ta tambaye shi ko motar Ɗanbatta ta iso, wai tana jiran saƙon gishiri. Ni dai da na haifi nawa ɗan farin, sunansa nake kira safe da yamma, har sai ya ce, "Umma, na ji mana."

Da tsufa ya zo, wani zazzaɓi mai zafi ya tafi da jinta. Kunnen hagu ya mutu gaba ɗaya, na dama sai an kafa baki a kai an ɗaga murya. Mace mai wayo, nan da nan ta koyi karanta baki. Ta kafe leɓɓan mutum da ido, ta gane abin da ya ce, ta ba shi amsa da ƙarfi har maƙwabta su ji, domin ba ta jin kanta. Kowa ya ci gaba da hira da ita kamar da. Ni kaɗai wannan ciwo ya rufe wa ƙofa. Da can ko ba ta dube ni ba muryata na isa gare ta, yanzu kuwa sai an dubi baki ake ji, ita kuma ba za ta dubi nawa ba. Sai in durƙusa in gaishe ta, Auta ta taɓa ta ta maimaita gaisuwar, ta amsa wa Auta. In Auta ba ta nan, in gama gaisuwata in tashi, ita tana ta tsince wakenta, ba ta ma san na yi magana ba. Ban taɓa jin kaɗaici irin na waɗannan shekarun ba, ga uwata a raye kusa da ni.

Ciwon ajalinta ya fara da rama da nauyi a gefen dama. A asibitin Ɗanbatta aka yi mata sikanin, aka ga ƙullutu a hantarta, aka tura mu babban asibiti a Kano don a tsinko ɗan nama a gwada. Abin da gwajin ya nuna ba alheri ba ne, kowa a gidanmu ya sani. Ta ƙi zaman asibiti, ta ce a mayar da ita ta ga shukarta, ta ga damina guda, ta tafi. Wannan an faɗe shi a wurin makoki har an gaji. Ranar da aka ɗebi naman ce ba wanda ya ba da labarinta, domin ni kaɗai ce a ɗakin daga cikin 'ya'yanta.

Ba zaɓena aka yi ba. Auta na da tsohon ciki, ba ta iya doguwar mota. Ƙanena namiji ne, Inna ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai ga haƙarƙarinta a buɗe ba. Ya zauna a benci a waje, ni na bi gadon da aka turo ta a kai.

Likitar yarinya ce 'yar birni, mai sanyin murya. Kafin a fara ta kira ni gaban allon na'urar ta yi mini bayani da Hausa tsab. Ta goga wani abu a gefen Inna, sai ga hantar a allo, toka-toka, tana hawa tana sauka. Ta nuna mini ƙullutun, ta nuna mini wani jan zare da ke harbawa dab da shi, ta ce jijiyar jini ce, ba a so allura ta taɓa ta. Allurar doguwa ce, ban so na gan ta ba. Ta ce akwai wani ɗan abu a jikinta da ke gaya wa na'ura inda tsininta yake a kowane lokaci, na'urar kuma ta zana koren layi a allo, ta nuna inda allurar za ta faɗa in aka ci gaba da turawa. Ta motsa hannunta a iska, na ga layin ya motsa tare da ita.

"Na'ura za ta nuna mini hanya," in ji ta, "amma ba za ta tsayar mini da hanta ba. Duk numfashin da Mama ta ja, hantar sai ta gusa. In na ce yanzu, dole ta riƙe numfashi har in fito. Ni ba zan cire ƙyallen bakina ba, idona kuma na kan allo, hannun nas na kan kaya. Ke za ki tsaya a kanta, ta kalli bakinki."

Na ce, "Likita, ni 'yar fari ce."

Ta dube ni, ta dubi Inna. Ta ce, "Kakata ma haka take da babana. Na gane, Anti. Amma allura ba ta san kunya ba."

Nas ta sauke ƙyallenta ta yi wa Inna bayani a hankali, Inna na bin bakinta tana gyaɗa kai. Da nas ta nuna ni, sai Inna ta ce da ƙarfi, "Na ji. Ku yi aikinku." Aka kwantar da ita, aka ɗaga hannunta na dama sama da kai, aka yi mata allurar kashe zafi. Na tsaya daidai kanta. Ta juya fuska wajen bango.

Dabara ta yi niyyar yi, na san halinta. Ta ɗauka za ta hango ni ta wutsiyar ido ta gane lokacin. Ina kallon allo na ga farin ɗigo, tsinin allurar, ya shigo ta sama yana bin koren layin a hankali. Likita ta ce, "Yanzu." Na ce, "Riƙe, Inna!" na ɗaga hannu. Ba ta gani ba. Ta ja numfashi mai tsawo irin na mai tsoro, sai na ga hantar ta zame ƙasa, ƙullutun ya bar layin, jan zaren nan ya zo ya kwanta daidai inda layin ya nufa. Likita ta ja hannunta baya da sauri. Ba ta ɗaga murya ba, amma na ga zufa a goshinta.

Ta ce, "Sau ɗaya zan ƙara gwadawa. In ba ta tsaya ba zan fasa, ba zan yi caca da jijiyar nan ba."

Ban san inda na samo ƙarfin ba. Na zagaya gadon, na shiga tsakaninta da bangon, na sunkuya har fuskata ta tare mata komai. Ta runtse ido gam, kamar yarinyar da za a ɗura wa magani. Na kai bakina kan kunnenta na dama na ce da ƙarfi, "Inna, ba ni za ki kalla ba. Baki ne kawai. Bakin kawai za ki kalla."

Na koma na jira. Na ga leɓɓanta na motsi, ina jin salati take yi. Can ta buɗe ido.

Ruwan ƙasa ne idanunta, ba baƙaƙe ba kamar yadda na ɗauka duk rayuwata, da wani farin zobe na tsufa a kewaye. Ta sauke su a kan bakina ta tsayar. Yanzu allon na bayana, ba na ganin komai sai ita, muryar likita kaɗai nake ji. Ta ce, "Yanzu." Na ce, "Riƙe." Ƙirjin Inna ya tsaya cak. Na ji wani ɗan ƙara, ƙas, sannan likita ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdulillahi, na samu. Na fito. Ta numfasa."

Na ce, "Saki, Inna. An gama."

Ba ta saki ba. Na zaci ba ta gane ba ne, na sake faɗa, na buɗe baki sosai yadda za ta karanta. Sai na lura ai ba bakina take kallo ba. Idanunta sun bar shi tuni. Sun hau kan hancina, sun tsaya a idanuna, sun bi girata, sun haura goshina har gefen ɗankwali, sun dawo, a hankali, ba gaggawa, yadda take duba zangarniyar da za ta ajiye iri. Ta gane sarai an gama. Amma muddin numfashin na riƙe, aikin likita ake yi, ba wanda zai ce ta dubi 'yar farinta.

Likita ta ce, "Anti, ki ce mata ta numfasa mana." Nas ta taɓa kafaɗarta. Jijiyoyin wuyan Inna suka tashi, hawaye ya taru a gefen idonta don wahala, ba ta ƙifta ba. Ni ma na tsaya mata kawai, na bar ta ta gani. Sai da ƙirjinta ya gaza don kansa sannan iskar ta kufce mata da ƙarfi, ta yi tari, ta rufe ido, ta mayar da fuska ɗaya gefen. Daga ranar har ta koma ga Allah ba ta sake dubana ba.

Aka tura ta wani ɗaki ta kwanta a kan gefen da aka huda, aka ce kada ta motsa sai an ga jini bai biyo ba. Ɗakin cike da mata da masu jinyarsu. Na zauna a ƙarshen gadon wajen ƙafafunta, inda na saba. Da aka bar ƙanena ya shigo, ya durƙusa yana yi mata sannu, ta kafe bakinsa da ido har ya gama. Ba ta amsa sannun ba. Da muryar nan tata ta wadda ba ta jin kanta, yadda duk ɗakin sai da aka waiwayo, ta ce masa:

"Kai, yaushe waccan ta yi furfura? Shi ne ba wanda ya gaya mini?"

Ƙanena ya dube ni. Na juya baya na ja ɗankwalina gaba, na yi kamar ina neman wani abu a jaka, domin in na bari ta ga kafaɗuna na rawa na ba ta kunya a gaban mutane.

Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta. Ya dube ta da idon rahama, duba mai tsawo.